Mai Kunne, Alƙalin Wuƙaƙe

A wani gidan haya mai ɗakuna a jere da famfo guda a tsakar gida, an yi wani mutum da ake kira Mai Kunne. Ba don kunnuwansa sun fi na kowa girma ba, ko da yake sun fi. Shi ya raɗa wa kansa sunan. Ya taɓa yin gadi a wani shagon sayar da rodi kafin a sallame shi saboda barci, kuma tun daga lokacin yake cewa babu ƙarfen da zai yi ƙara a duniya bai gane asalinsa ba.

"Ƙarfe magana yake yi," in ji shi. "Ku ne kurame."

Namiji da lafiyarsa, hannu biyu ƙafa biyu, amma aikinsa ke nan: ya ja benci ya zauna a ƙofar gida. In murfin tukunya ya faɗi a ɗakin wani, ya ɗaga yatsa ya ce, "Gwangwani ne aka narka." Ba wanda ya tambaye shi.

Abin da ke ciyar da shi kuwa wuƙar matarsa ce. Wata 'yar baƙar wuƙa siririya, washi ya cinye cikinta har ya shige, an ɗaure mariƙinta da waya. Ta mahaifiyarta ce, Allah ya ji ƙanta. Da ita matar take yanka wa wani gidan abinci albasa da kabeji da tattasai, kullum kafin azahar a zo a ɗauka, shi ya sa ake ce mata Mai Albasa. In albasa ta fita, tukunyar gidan ta hau wuta. In ba ta fita ba, sai dai a sha ruwa a yi haƙuri.

Duk da haka Mai Kunne ya raina wuƙar nan.

"Wannan ai ba wuƙa ba ce," yakan ce, bakinsa cike da abincin da ta jawo. "Tsatsa ce aka yi wa mariƙi."

"Malam, ka ci ka ƙoshi ka zage ta, ban hana ka ba," in ji Mai Albasa. "Amma ka zage ta daga nesa. Ranar da hannunka ya taɓa ta, ranar za ka san wa ka aura."

Ana nan, wata rana da hantsi wani mai tallan wuƙaƙe ya biyo ta layin da farantinsa a ka. Mai Kunne ya tsayar da shi, ya zaro wata mai walƙiya, ya ɗalle ta da farce, ya kara a kunne, ya lumshe ido.

"Wannan ba ta da lafiya," ya ce.

Ya ɗan girgiza ta, sai ruwan wuƙar ya zare daga mariƙi ya faɗa kwata. Rana ce ta narkar da gam ɗin, ba wani abu ba. Amma mai lemo ya gani daga teburinsa, mai aski ya gani daga ƙofar shagonsa, mai walda ma ya ɗaga gilashinsa ya gani. Mai talla ya ɗauki farantinsa ya yi gaba ba sallama.

Shi ke nan, kan Mai Kunne ya kumbura. Ya shiga ɗaki yana taku ɗaiɗai.

"Ke, ki shirya, arziki ya zo. Zan tantance wuƙaƙen layin nan kaf, in fitar da gwani in fitar da na banza. Daga nan in shiga kasuwa. Daga nan masu ƙera wuƙa na duniya su riƙa aiko min da kayansu, in saurara, in ce a sayar ko a zubar. Za a yi min ofis mai labule mai kauri, don hayaniya tana ɓata kunne."

Mai Albasa ba ta ɗaga kai daga tire ba. "A ofishin ana dafa abinci?"

"Ba ki da hangen nesa."

"Ina da albasa. Matsa, ka tare min haske."

Mai lemo ne ya fara kawo tasa. Shekara da shekaru yana fere lemo da ita, ɓawon ya fita a murɗe bai tsinke ba, kuma so yake a faɗi haka a gaban jama'a. Mai Kunne ya ɗalle ta, ya saurara, ya yamutsa fuska.

"Muryarta siririya ce, kamar ta mai mura." Ya lasa ta. "Ga tsami."

"Yanzun nan na fere lemo da ita."

"Kada ka koya min aikina. Ƙarfen kirki, in ka lanƙwasa shi, dawowa yake yi da kansa."

Ya kafa tsininta a benci ya danna. Ƙas! Rabi a hannunsa, rabi ya yi tsalle ya faɗa cikin bokitin wata mata da ke wucewa.

"Alhamdu lillahi!" in ji Mai Kunne. "Na cece ka."

"Ka cece ni daga me?"

"Da ba ni ba, da kana nan kana yawo da matacciyar wuƙa ba ka sani ba."

"Tana yanka fa!"

"Yankan ƙarya take yi."

Mai hankali da ya ga haka, ai sai ya ɓoye tasa. Amma mutane ba sa jin kunyar kansu. Mai aski ya yi ta dariya har da riƙe ciki, yana nuna mai lemo da yatsa. A lokacin kuwa yana tsakiyar aske wa Baba mai gida kai, wato tsohon da ya mallaki gidan hayar. Ya bar tsohon a kujera da kumfa a ka, ya fito da askarsa a hannu.

"Ga ƙarfe nan, ba irin na masu lemo ba. Maigidana da ya koya min sana'a ya bar min ita. Saurara ka faɗa musu."

Mai Kunne ya saurara. "Akwai alamar asali. Amma ƙarfen kirki ba ya tsoron ɗan'uwansa. A ba ni ƙusa."

Aka ba shi ƙusa. Ya kwantar da ita a benci, ya ɗora bakin askar a kai, ya ɗauki dutse ya buga. Ƙusa ko gezau. Aska kuwa ta yi giɓi kamar bakin tsohuwa.

"Wurin ne bai yi ba," ya ce, ya matsa gaba ya sake bugawa. Ya sake matsawa. Kafin mai aski ya rufe bakinsa da ya sake, askar ta zama zarto.

"La ilaha illallahu! Ka kashe ni!"

"Ta faɗi jarrabawa. Ba ka da wata?"

Mai lemo ya fara dariya yana tafa hannu. Dariyar nan ta fi ɓarnar yi wa mai aski ciwo. Ya ruga shago ya ɗauko ta biyun, wadda ita kaɗai ta rage masa, ya ce a gwada wannan a ga iyakar mai dariya. Aka gwada. Ta bi 'yar'uwarta.

Sai ga Baba mai gida ya fito da tsumma ɗaure a wuya. Rabin kansa na dama yana ƙyalli kamar ƙwai, rabin hagu gashi ne fari da busasshiyar kumfa.

"Kai, wa zai ƙarasa min kaina?"

"Baba, ka gode wa Allah," in ji Mai Kunne. "Rabi kawai ƙarfen banza ya taɓa."

Tsohon ya dube shi, ya dubi askar, ya shafa gefen da ke da gashi. Ya rantse ba zai fita daga layin nan da rabin kai mutanen gari su gan shi ba, kuma ba baƙon hannun da zai taɓa masa kai. Ya sa hula, hular ta karkace ta zame ta gefen santsi. Ya gyara, ta sake zamewa. Haka ya wuni yana tare hula kamar mai korar ƙuda.

A ranar Mai Albasa ta naɗe wuƙarta a tsumma ta ɓoye. In za ta yi aiki sai ta kulle ƙofa.

Matan gidan kuwa, maimakon su yi koyi da ita, sai gardama ta tashi a bakin famfo. Wannan ta ce tata ba ta tsatsa, waccan ta ce ƙarya ne, tata ce ba ta yi. Suka kwaso wuƙaƙensu suka zube wa Mai Kunne. Ya jiƙa su a baho da ruwan gishiri da lemon tsami, ya rufe, ya ce kada wanda ya buɗe sai ya ba da izini, sannan ya manta. Da aka tuna aka buɗe, duk sun yi ja wur, mariƙan katakon sun kumbura sun tsage. Ya duba ya ce an yi kunnen doki, duk sun faɗi. Daga ranar aka koma yanka kabewa da bakin faranti, ana yaga alayyafo da hannu. Ko zarton ƙarfe na mai walda bai tsira ba. Mai Kunne ya je aron ashana, ya gan shi a rataye, ya lanƙwasa shi don ya ji ko zai dawo. Bai dawo ba.

Da abin ya ishi Mai Albasa sai ta kai ƙara wurin yayanta, mahauci, wani ƙato mai wuya kamar turmi. Ya zo da wuƙarsa a ƙugu, babba mai faɗin tafin hannu, ya tsaya a kan Mai Kunne har ya tare masa rana.

"Mijin Auta, me nake ji? An ce ka zama annoba."

"Yaya, barka da zuwa. Ga benci. Hassada ce kawai irin ta mutane." Idonsa yana kan ƙugun mahaucin. "Wannan ita ce wadda ake ta magana a kai?"

"Wace magana?"

"A'a, ba komai. Ni dai ban ce ba ta da kyau ba. Cewa na yi ban taɓa jin muryarta ba."

"Wa ya ce ba ta da kyau?"

"Yaya, ba na son haɗa faɗa."

Mutumin da ya zo yin faɗa, sai ga shi ya zare wuƙa ya miƙa. "Ungo. Amma ba lanƙwasawa, ba ƙusa, ba ruwan gishiri."

"Haba Yaya, wannan ai gwajin ƙananan wuƙaƙe ne. Irin taka tartsatsinta ake karantawa. Ƙarfen kirki, in ya hau injin washi, tartsatsinsa reshe yake yi kamar bishiya. Na banza kuwa miƙewa yake yi kamar sanda."

Suka ɗunguma shagon mai walda, jama'a na biye. Aka kunna inji, Mai Kunne ya kara wuƙar, wuta ta yi ta feshi.

"Ka ga reshe?" in ji mahauci.

"Rana ta yi yawa, ba na gani sosai. A tare min haske."

Aka tare da kwali. Ya sake karawa.

"Ga shi can! Na ga reshe!"

"Wannan ganye ne, Yaya. Ka yi haƙuri."

Ya lulluɓe kansa da injin da babbar rigarsa don ya samu duhu. Ana jin ƙarar inji da muryarsa daga ciki yana cewa ya kusa, ya kusa. Hayaƙi ya fara fita ta wuyan rigar. Shi ma mahauci ya cusa kai ciki, yana ihu a ƙara dannawa, reshen na zuwa. Mai walda ya zauna a kan tsohuwar taya ya zuba tagumi.

Da suka fito, rigar ta zama rariya, girar mahauci ta ƙone. Abin da ke hannun Mai Kunne kuwa, mariƙi ne babba da wani siririn tsinke a bakinsa. Wuƙar da ke raba ƙashin bijimi ta koma basilla.

Mahauci ya karɓa, ya juya ta, ya sake juyawa. Muryarsa ta yi ƙasa. "Da wannan zan feɗe akuya?"

"Amma Yaya, tsakani da Allah, ka ga reshen ƙarshen nan?"

"Ba don Auta ba, da yanzu na ɗinke bakinka da ita."

Nan fa jama'a suka yi masa ca. Mai aski ya ce, "Ka kashe na kowa. To kai ina taka? Nuna mana ƙarfen kirkin da kake faɗi, mu ma mu gani!"

"A nuna mana!" in ji mai lemo, wanda farcensa duk ya yi ɗanye saboda ɓare lemo da hannu.

Mai Kunne ya gyara ragowar rigarsa. "Gobe da hantsi, a nan wurin. Kowa ya zo da idonsa."

Ya faɗa ne kawai, ba shi da ko allura. Ya bi layin yana ƙwanƙwasa duk abin da ya gani. Ƙofar gida, kan famfo, turken fitila, bayan motar wani da ya tsaya sayen ruwa. Babu wanda muryarsa ta yi masa. Da la'asar ya koma ɗaki a gajiye ya faɗa kan gado, sai diddigensa ya bugi ƙarfen gefe.

Tiiin!

Ya tashi zumbur. Ya sake bugawa. Tiiin!

"Allahu akbar! Ashe a kan dukiya nake kwana!"

Matar tana bakin famfo tana wanki. Ya ɗaga katifa don ya kwance ƙarfen, sai ga wani tsumma a naɗe a ƙarƙashi. Ya taɓa, ya ji abin da ke ciki, ya mayar da shi inda yake. Ya kwance dogon ƙarfen gefen bango, ya tokare gadon da bokiti a kife, ya gyara zanin gado, ya zura ƙarfen a ƙafar wando ya fita yana tafiya kamar mai ciwon gwiwa.

Mai walda ya dubi ƙarfen, ya dubi mutumin. "Wannan kamar na san shi."

"Ba ka san shi ba. Yanka min nan, ka fere nan, ka goge shi har in ga fuskata."

"Ni dai abin da aka ce in yanka nake yankawa."

Kafin magariba an fitar da wata wuƙa mai tsawon hannun mutum, tana sheƙi. Mai Kunne ya naɗa mata roba a mariƙi, ya sa mata suna Uwar Wuƙaƙe.

Saura abokiyar karawa. Layin kaf babu sauran wuƙa mai rai, har cokula an ɓoye. Guda ɗaya ce ta rage, kuma ya san inda take. Ya tuna gargaɗin matarsa. Sai ya lallashi kansa: bugu ɗaya ne, tsatsar nan ta rabu biyu kowa ya gani, sannan ya ɗauki Uwar Wuƙaƙe ya miƙa mata kyauta a gaban jama'a. Ai har gode masa za ta yi.

Washegari Mai Albasa ta tafi kasuwa ɗauko buhun albasa. Tana fita ya ɗaga katifa.

Shagon mai walda ya cika har bakin titi. Mata sun zo da jajayen wuƙaƙensu, mahauci da basillarsa, Baba mai gida a kujera a gaba yana tare hula. A kan teburin shagon akwai matsi, wato ƙarfen nan mai baki biyu da ake murɗa hannunsa ya cije abu ya riƙe. Mai Kunne ya sa baƙar wuƙar a ciki, kaifinta yana kallon sama, ya murɗa har ta kafe.

Mahauci ya matso ya ƙura ido. "Kai! Wannan ba wuƙar Inna ba ce?"

"Yaya, a wurin gwaji babu dangantaka." Ya ɗaga Uwar Wuƙaƙe, rana ta haska ta, mata suka ce kai! "Jama'a, yau za ku ga bambancin ƙarfe da tarkace. Wannan da kuke gani, daga nesa aka kawo shi. Ba zan faɗi ƙasar ba, don kada a yi rububi."

"Daga ƙarƙashina aka kawo shi!"

Jama'a suka dare. Mai Albasa ce, buhun albasa a ka, tana ɗingishi, a hannunta bokiti da ya lotse ya zama kamar faranti.

"Na dawo na zauna bakin gado in ɗauki wuƙata, sai ga ni a ƙasa, ƙafafuna a sama, bango yana kallona. Malam, sauke hannunka."

"Ke, ana aikin maza a nan."

"Na ce sauke hannunka. Wuƙar uwata ce. Ita ce abincinka na jiya, ita ce na yau."

Mai Kunne ya tsaya da wuƙa a sama. Da su biyu ne a ɗaki, da tuni ya sauke har ya ba da haƙuri. Amma ga mai aski yana murmushi, ga mai lemo ya harɗe hannu. Ya dubi matarsa, ya dubi jama'a, ya runtse ido gam, ya yi kabbara, ya kawo sara da iyakar ƙarfinsa.

Ƙwaram!

Mai Albasa ta dafe ƙirji. Mai Kunne ya buɗe ido ɗaya.

Baƙar wuƙa tana nan a tsaye, ko ƙura ba ta taɓa ta ba. Wanda ya rufe ido ai ba ya saiti. Saran ya sauka a kan hannun matsin, Uwar Wuƙaƙe kuwa ta naɗe a jikinsa kamar jiƙaƙƙen tawul, ta zagaye shi ta rungume ƙafar tebur. Abin da ya rage a hannun Mai Kunne robar mariƙi ce.

Dariyar da aka yi, har masu wucewa a babur suka tsaya.

"A cire min wuƙata," in ji Mai Albasa.

Mai walda ya kama hannun matsin ya murɗa. Ko motsi. Mahauci ya ture shi ya gwada, jijiyoyin wuyansa suka tashi, tebur ya ɗaga, matsi bai buɗe ba. Ƙarfen gadon ya ɗaure shi tam.

"A yanke shi da inji mana," in ji wani.

Mai walda ya danna makunni. Shiru. An ɗauke wuta.

"To zarto fa?"

"Ku tambayi alƙali," in ji mai walda.

Mahauci ya ɗauko guduma. Mai Albasa ta sha gabansa. "Yaya, duk wanda ya buga guduma kusa da wuƙar Inna, ni da shi ne." Ƙaton nan ya ajiye guduma a hankali kamar ƙwai.

Ga rana tana ta hawa, ga gidan abinci na jiran albasa, ga wuƙa ɗaya tilo a layin an ɗaure ta a tebur. Mai Albasa ta dubi wuƙar a tsaye cikin matsi. Ta sauke buhu, ta ɗaure zani, ta ja kujera. Ta ɓare albasa, ta kama ta da hannu biyu, ta goga a kan kaifin da ke tsaye. Yanka ya zubo siriri kamar takarda.

"Malam, riƙe baho."

"Ni? A gaban mutane?"

"Riƙe baho."

Ya durƙusa a ƙarƙashin tebur ya tara baho, albasa na zubo masa a ka. Kafin a ci rabin buhu, shagon ya zama kamar gidan makoki. Mai walda yana kuka a cikin gilashinsa, mahauci yana sharar hawaye da gefen riga, Mai Kunne kuwa majina da hawaye sun haɗe masa a gemu. Da ta gama albasa ta bi da tattasai da attaruhu.

Mai lemo ya matso da kwandonsa. "Yaya Mai Albasa, don Allah in kin gama, ko guda biyar in fere."

Kafin ka ce me, layi ya kafu. Mai lemo yana juya lemo a jikin wuƙa, mata da kabewa da kuɓewa, mahauci ya aika an kawo masa cinyar akuya. Kowa ya zo sai ya gaishe da Mai Albasa, ya tsallake mijinta, ya yi yankansa.

Can sai Baba mai gida ya miƙe, ya cire hula ya ba mai aski.

"Ƙarasa min."

"Baba, wuƙar ba ta motsi."

"Kaina yana motsi."

Aka kawo ruwa da sabulu. Tsohon ya sunkuya, mai aski ya kama kan da hannu biyu kamar mai riƙe kankana, ya shiga goga shi a jikin wuƙa a hankali. "Baba, karkato hagu. Yawwa. Ɗan ɗaga haɓa. Kada ka yi atishawa." Gashi yana zuba, kai yana fitowa fes. Sai dai ba wanda ya tuna a wanke kaifin bayan attaruhu.

"Wayyo! Wuta! Wa ya kunna min wuta a ka?"

"Saura kaɗan, Baba, bayan kunne ne kawai!"

"Ku ƙarasa! Ku ƙarasa in mutu da kai guda!"

Da aka gama aka juye masa bokitin ruwa. Ya zauna yana huci, kansa ja kamar tumatir, mata biyu suna yi masa fifita da kwali.

A nan ne Mai Kunne ya leƙo daga ƙarƙashin tebur, da zoben albasa rataye a kunnensa. Ya yi gyaran murya.

"To, jama'a, kun dai ga dabarar. Da gangan na kauce. Tun farko kunnena ya gaya min wannan baƙar ita ce ta ɗaya, so nake ku gani da idonku. Kuma wa ya taɓa tunanin a kafe wuƙa a riƙa kawo mata kaya? Wannan fasahar, in aka kai ta kasuwa..."

Mahauci ya zaro basilla, ya fara neman zare a aljihu. Mai Kunne ya koma ƙarƙashin tebur.

Baba mai gida ya yanke hukunci yana dafe da kai. Benci an ƙwace. Za a ba Mai Kunne dutsen washi na hannu, a tara masa duk gawarwakin da ya yi, ya zauna a bakin famfo ya yi ta wasawa har kowace ta iya yanka wani abu. Kuma in aka sake ganin ya kai ƙarfe kusa da kunnensa, ko makullin ɗakinsa ne, ya kwashe kayansa.

Sai bayan la'asar aka kawo wuta. Mai walda ya yanke Uwar Wuƙaƙe gunduwa-gunduwa, matsi ya buɗe. Mai Albasa ta zare wuƙarta, ta duba ta ciki da baya a hasken rana, ta goge da bakin zani, ta naɗe ta soke a ƙugu. Tun daga ranar a nan take zama. Katifa ta koma ƙasa, ita ke kwana a kai. Shi kuwa tabarma, a cikin firam ɗin gadon mai gefe uku.

Washegari da safe yana zaune a bakin famfo, jajayen wuƙaƙe jibge a gabansa, yatsunsa duk sun yi kanta. Ta kawo masa shayi ta dire. A cikin kofin akwai cokalin roba, shuɗi, irin na yara.

Ya ɗaga cokalin ya duba. Ya waiga dama, ya waiga hagu. Hali dai hali ne. Ya ɗalle shi da farce, ya kara a kunne, ya lumshe ido. Ya daɗe yana saurare.

"Wannan ba ya cewa komai," ya ce.

"To ka yi koyi da shi," in ji Mai Albasa, ta koma kan albasarta.